Mashigin Agwagi

Ƙarfe shida da rabi na safe Ludmila ke buɗe kantinta, kuma kafin ta gama juye burodi a kwando Oldrich ya riga ya iso bakin ƙofa yana karkaɗe takalmi. Shekara da shekaru haka suke yi. Shi Olda muke ce masa, ita kuma Lida, don Hradenka bai kai garin da za a tsaya kiran mutum da cikakken sunansa ba. Mu ɗari uku ne da 'yan kai, da coci ɗaya, mashaya ɗaya, kanti ɗaya, sai rafin da ya bi ta bayan lambuna ya raba ƙasarmu ta Cek da Ostiriya.

"Burodi huɗu da man shanun shafawa," in ji Olda.

"Ba mu da man shanun shafawa."

"Ga shi can a firji, ina kallonsa yana kallona."

"Karanta robar, in idon bai gama mutuwa ba. Abin shafawa na gargajiya, haka aka rubuta."

"Su rubuta abin da suka ga dama. Tun ina saurayi man shanu ne, kuma da sunansa zan ci shi har ranar da za a kai ni maƙabartar bayan coci."

Lida ta miƙa masa robar tana danne dariya. Wannan ce gaisuwarsu. Duk ranar da ba su yi ta ba, sai ta wuni tana jin kamar ta bar wani abu a kan wuta.

Asalin rigimar ba wani babban abu ba ne. Shekarun baya Tarayyar Turai ta ce abin da maiƙonsa bai kai wani mizani ba, ba za a kira shi man shanu ba. Namu na shafawa bai kai ba, sai aka sake masa suna, abin da ke cikin robar kuwa ko gishiri ba a taɓa ba. Mutane suka yi mako guda suna tsaki, suka manta. Banda Olda. Shi kafinta ne, kuma shugaban 'yan kwana-kwanan sa-kai na garin, mutum mai riƙe magana kamar yadda yake riƙe ƙusa a baki. Daga man shanu ya fara, sannu a hankali har ya shiga Jam'iyyar Gidanmu, waɗanda fostarsu ke cewa ba ma karɓar umarni daga Brussels, hedkwatar Tarayyar Turai, kuma in aka ba su dama za su fitar da ƙasar daga Tarayya.

To, a kakar nan aka yi zaɓen kansiloli. Kujeru bakwai ne. 'Yan Gidanmu suka ci uku. Uku suka tafi wajen Radim da mutanensa, matasa masu son Tarayyar Turai kamar su haɗiye ta. Ta bakwai ta faɗo wa Lida, wadda ba ta da jam'iyya, ba ta manna ko fosta ɗaya ba. An zaɓe ta ne kawai don babu wanda ba ya bi ta kantinta. Kansilolin nan su ne za su zauna ranar Juma'a su zaɓi magajin gari ta hanyar ɗaga hannu. Uku da uku, kowa ya iya lissafin. Hannun Lida ne magajin gari.

Ita kuwa abu ɗaya take so a duniyar nan, gada.

Yayarta Vlasta tana tsallaken rafin. Zamanin kwaminis, tana da shekara ashirin da bakwai, ta tafi hutu waje ta ƙi dawowa, ta yi ta yawo har ta auri wani manomi ɗan Ostiriya. Kuma duk faɗin ƙasar nan, sai ga gidansa a ƙauyen da ke kallon namu. In ka hau tudun bayan coci kana hango rufin. Shekara takwas Lida tana hangen rufin nan ba ta ga yayarta ba, don a lokacin waya mai ƙaya ce a bakin rafin, da sojoji, da karnuka. Daga baya aka cire wayar, aka buɗe iyaka, amma tsohuwar gadar katakon da aka rushe tun kafin a haife su babu wanda ya mayar. Gadar mota tana can nesa, sai ka shiga bas biyu. Lida ba ta tuƙi, mijin Vlasta ya rasu, ita kanta Vlasta yanzu da sanda take tafiya. Rafin ba wani babba ba ne, amma ya fi ƙarfin tsohuwa.

Saboda haka kowace Lahadi bayan abincin rana sai su fito, wannan a gaɓar nan, waccan a gaɓar can, su yi hira da ihu. Babu sirrin gidansu da mutanen Hradenka ba su sani ba. Suna da wayar tarho, ba wai ba su da ita ba, amma Vlasta ta ce ita ba ta yarda ta ga mutum ba sai ta gan shi tsaye.

Lahadin kafin zaman, Vlasta ta dogara sanda ta ƙwala kira: "Lida! Wa za ki zaɓa?"

"Yaya, ki rage murya, duk gari na jin ki!"

"Su ji mana! Ni dai gada nake so in taka kafin ƙafar nan ta yi min yaji gaba ɗaya! Kuma in za ki zo ki taho min da abin shafawar nan namu, na nan ba shi da ɗanɗano!"

Maganar gadar ta riga ta yi nisa. Radim, wanda ya yi mataimakin magajin gari a zangon da ya wuce, shi ya haɗa takardu da mutanen tsallake, Tarayyar Turai ta yarda za ta ɗauki nauyi. Ya raɗa mata suna mai kauri, Gadar Haɗin Kan Turai. Abin da ya rage sa hannun sabon magajin gari kafin shekara ta ƙare, in ba haka ba maganar ta sha ruwa.

Da ma a ce Radim mai gama aiki ne, da Lida ba ta ɓata ko minti ɗaya tana tunani ba. Yaro ne mai kirki, mai kai, yana aikin kwamfuta a birnin Brno, yana jin Jamusanci da Ingilishi. Amma duk abin da ya fara, a tsaye yake barinsa. Ga ginshiƙan lilon yara nan a filin makaranta shekara uku babu lilo. Ga rumfar jiran bas babu rufi, mutane na tsayawa a cikinta da lema. Olda kuwa bai taɓa ɗaukar abu ya ajiye a rabi ba. Sai dai a taron yaƙin neman zaɓe, a mashaya, gaban kowa, ya bugi tebur har kofunan giya suka yi tsalle, ya ce muddin yana numfashi ba zai sa hannu a kan wata Gadar Turai ba.

Ɗaya zai sa hannu, gadar ta tsaya a ginshiƙai. Ɗaya zai iya gama ta, amma ba zai sa hannu ba. Tsakanin nan Lida take ta kai da kawo, tana yanka cuku tana ba mutane fiye da abin da suka tambaya.

Ranar Laraba da yamma Radim ya shigo kantin, jakar kwamfuta a kafaɗa. Ya sayi cingam ɗaya don kunya.

"Inna Lida, ba ƙin Baba Olda nake yi ba. Shi ya koya min riƙe guduma. Amma don Allah ki duba. Mutumin da jam'iyyarsa ke so mu fice daga Tarayya, ta yaya za a damƙa masa gari? Titin da ya bi ta ƙofar kantin nan, da famfon makaranta, da kuɗin wa aka yi su? Wanda ya tsani ruwa ai ba a ba shi tuƙin kwale-kwale."

"Ni kuwa da zan shiga nasa," in ji Lida. "Na san ba zai bar huda ko ɗaya ba. Ina lilon yara, ɗan nan?"

Radim ya sosa ƙeya. "Sarƙoƙin suna hanya, Inna."

"Shekara uku suna hanya? A ƙafa suke tahowa?"

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ajiye jakar a kan kanta ya ce, "Na ji, ina da laifi. Amma yau gari ne, gobe ƙasa ce. Kowace kujera kuka ba su, tsani kuka ba su. In irinsu suka hau mulki a Prag, babban birninmu, suka fitar da mu, wa ya ce miki iyakar nan za ta zauna a buɗe? Ke kin ga wayar nan mai ƙaya da idonki, ni labari na ji."

Wannan ta shige ta. Bayan ya fita ta daɗe tsaye, hannunta a kan ma'auni, tana tuna haushin karnukan nan da yadda mahaifiyarsu ta rasu tana kiran sunan Vlasta. Ba ƙarya yaron ya faɗa ba, kuma ta san haka. Ta rufe kanti a ranar da niyyar ba Radim hannunta, in ya so ta riƙa binsa da tsintsiya har gadar ta kammalu.

Safiyar Juma'a Olda ya zo kamar kullum, ya karkaɗe takalmi kamar kullum. Bai ce komai a kan zaman ba; duk makon nan bai nemi ƙuri'arta ba ko da wasa, girman kai ba zai bar shi ba.

"Burodi huɗu da man shanun shafawa."

Lida ta buɗe baki za ta ce babu, sai ta tsaya da robar a hannu. Ta dube ta, ta dube shi.

"Olda, shekara nawa kana zagin abin nan?"

"Tun ranar da suka taɓa shi."

"Ka taɓa yin fashin cinsa?"

"A kan me zan yi fashi? Shi me ya yi min?"

"Ɗanɗanon ya canja?"

"Bai canja ba. Ke lafiya kuwa yau?"

"To me ke ci maka rai?"

"Sunan mana!" Ya ɗaga murya har wata tsohuwa da ke zaɓen albasa ta waiwayo. "Wani ya zauna can a ofis, bai taɓa shafa shi a burodi ba, bai san da ganyen albasa ake ci ba, ya ce ga abin da zan kira abincina. Kakana daga Vienna ake faɗa masa sunan titinsa. Ubana daga Moscow. Ni kuma yanzu daga Brussels. Yaushe za a bar mu mu kira abinmu da bakinmu?"

Lida ta ajiye robar a hankali. Ta jawo takardar gadar daga ƙarƙashin kanta, wadda Radim ya raba wa kansiloli, ta shimfiɗa a gabansa ta ɗora yatsa a kan layin farko.

"A mashaya cewa ka yi ba za ka sa hannu a kan Gadar Turai ba. Gadar ce ba ka so, ko wannan?"

Olda ya zaro tabarau ya karanta, leɓensa na motsi. Ya yi tsaki.

"Wurin nan yana da suna tun kafin a haifi kakan wanda ya rubuta wannan. Mashigin Agwagi. Ta nan matan tsallake ke koro agwaginsu zuwa kasuwarmu. Haɗin Kan Turai! Agwagwa ta san wata Turai?"

"In an kira ta Mashigin Agwagi fa?"

Ya sake duba takardar. Can ya ce, "Shuɗin allon nan na Tarayyar mai taurari fa?"

"Wannan dole ne. Duk aikin da suka ɗauki nauyi sai an kafa shi."

Ya cire tabarau, ya naɗe, ya kwashi burodinsa ya fita. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Robar ma a kan kanta ya bar ta, abin da bai taɓa yi ba.

Ƙarfe biyar na yamma aka taru a zauren da ke saman mashaya. Rabin gari ya zo, har da waɗanda ba su taɓa halartar zama ba, don babu mai son a ba shi labari. Kansila mafi tsufa ya kira sunan Radim. Hannu uku suka tashi. Duk zauren ya juyo wajen Lida, ita kuwa hannayenta na kan cinya, tana kallon wani tabo a jikin tebur. Aka kira sunan Olda. Hannu uku suka tashi. Aka sake juyowa wajen Lida. Ba ta da alkawari, ba ta da takarda, ba ta da komai sai robar abin shafawa da mutum ya manta a kan kanta. Tsoro take ji, tsoro na gaske, cewa za ta jefar da gadar yayarta a kan hasashe. Ta ɗaga hannu.

Zauren ya ɗauki hayaniya. Radim ya dube ta sau ɗaya, irin kallon da yaro ke yi wa wanda ya mare shi ba laifi, ya tattara takardunsa. Olda ko murmushi bai yi ba. Ya miƙe ya ce ya gode, gobe da safe yana son ganin makullin sito.

Makon farko ya rufe rumfar bas. Mako na biyu yara suka hau lilo. Ashe sarƙoƙin suna cikin siton ƙaramar hukuma tun bara, a cikin kwalinsu. Mako na uku ya gyara magudanar bayan coci. Maganar gada kuwa, ko tari. Radim ya daina shigowa kanti, ya koma sayo burodi daga Brno, burodin da kafin ya iso ya bushe. In sun haɗu a titi sai ya sami abin kallo a wayarsa.

Sanyi ya sauka, dusar ƙanƙara ta rufe lambuna. Lahadi Vlasta ta fito naɗe da mayafi uku, ta aiko da nata ta saman ruwa: "Na ji labari! Kin sayar da gadata a kan man shanu!"

"Yaya, ki yi haƙuri, shekarar ba ta ƙare ba!"

"Ni ce zan ƙare kafin ita!"

Lida ta juya ta koma gida. Tun daga ranar, in Olda ya zo ya ce man shanun shafawa, sai ta miƙa masa kawai, ba gardama. Shi ma ya lura, don yakan ɗan tsaya kamar mai jiran canji, sannan ya fita. Ba ta tambaye shi ba. Ita ma tana da nata girman kan, kuma tana tsoron amsar.

Saura kwana goma shekara ta ƙare, Olda ya shigo da wani abu dogo naɗe a buhu, ya ɗora a kan kanta, a kan jaridun mutane.

"Wannan kuma fa? Kanti nake da shi, ba sito ba."

"Buɗe ki gani, sarkin surutu."

Ta warware buhun. Tsohon allo ne na katako, ya yi baƙi don tsufa, an sassaƙa agwagi uku a jere, a ƙasa an rubuta Mashigin Agwagi da harshenmu da Jamusanci.

"Ubana aka sa ya rushe gadar," in ji Olda, yana kallon allon, ba ita ba. "Shi ne kafintan gari. Soja a bayansa da bindiga, ya cire katako ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ɓoye a cikin ciyawar shanu. Har ya mutu bai ƙara bi ta bakin rafin nan ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Jiya na sa hannu."

Lida ta nemi kujera ta zauna.

"Sau huɗu na je gidan yaron nan Radim," ya ci gaba. "Takardun da Ingilishi suke, ni kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Sau uku yana cewa ba ya nan, alhali ina ganin motarsa. A na huɗu na zauna a kan matakala cikin sanyi na ce sai dai a kwashe ni. Shi ya rubuta wa mutanen tsallake a kan canja sunan. Ashe su ma a can haka suke kiran wurin, dariya suka yi ta yi."

"Shi ne ba za ka faɗa min ba? Wata ɗaya da rabi ina cin abinci ba na jin ɗanɗano!"

"Ni ba na faɗin aiki sai na gama shi."

"Allah ya shirye ka, ranka ya daɗe."

"Amin. Burodi huɗu da man shanun shafawa."

"Babu man shanun shafawa," in ji Lida. Olda ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka cire wa ƙaya.

Aikin ya ci shekara ɗaya da rabi. Kullum Olda yana bakin rafi yana faɗa da 'yan kwangila a kan noti ɗaya, Radim yana faɗa da takardu, su biyun kuma suna faɗa da juna. Radim ya dawo sayen burodi, amma bai sauka daga kan maganarsa ba. Wata rana ya ce mata, "Inna, har gobe ina nan a kan bakana. Gada ɗaya ba ta wanke jam'iyya. Mutanen nan ba su cancanci riƙe ƙasa ba."

"Wataƙila gaskiyarka ce," in ji Lida. "Ni ba ƙasa aka tambaye ni ba, gari aka tambaye ni."

Kuma da zaɓen ƙasa ya matso, Olda ya kawo fostar Gidanmu zai manna a ƙofar kantinta, ta ce ya ɗauke abarsa. Ta faɗa masa a fuska cewa a nan gari nasa ne, amma a Prag ba za su ga ƙuri'arta ba, don ita iyakar nan a buɗe take son ta. Ya ce shi ma a buɗe yake son ta, umarni ne ba ya so. Ta ce ya je ya faɗa wa manyansa haka. Ya naɗe fostar yana gunaguni, ya sayi burodinsa.

An sa bikin buɗe gadar ranar wata Asabar a farkon bazara, da makaɗa da jawabai da manyan baƙi daga ɓangarorin biyu. Lida ba ta da niyyar ganin yayarta a cikin jawabi. Ranar Juma'a da safe, bayan ta sallami masu burodi, ta buga wa Vlasta tarho, ta rataya takarda a ƙofa cewa za ta dawo, ta sa roba biyu a jaka ta gangara ta bayan lambuna.

Katakon sabo ne, yana ƙamshi. Tsohon allon agwagi yana sama a kan ginshiƙi, an shafe shi da mai. A gefensa Olda ne tsaye a kan ɗan tsani, ƙusa a baki, yana kafa shuɗin allon mai taurari. Ta daɗe tana zaton zai kai shi bayan bishiya inda sai tsuntsu zai gani. Ga shi a bakin gada, daidai idon mai wucewa, ya ɗora masa ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a ciki, yana ɗan bugun gefe ɗaya.

"Ashe kai ne mai yi wa taurari hidima," in ji Lida.

Ya cire ƙusar daga baki. "In ya karkace, ba za a ce Brussels ta karkace ba, cewa za a yi Olda bai iya aiki ba. Wuce, ba a buɗe ba tukuna, amma ban gan ki ba."

Ta hau. Ba ta yi niyyar ƙirga taku ba, ƙafarta ce ta ƙirga. Ruwa na wucewa a ƙasa, ba ya ko sauri. A taku na talatin ta ga Vlasta ta taho daga can, sanda na ƙwanƙwasa katako, ta sa rigar zuwa coci. A na arba'in da ɗaya suka haɗu. Lida ta ji wani daɗi ya cika ta har ya yi mata nauyi, ga kuma ɗan baƙin cikin cewa abin duka bai wuce haka ba, taku arba'in da ɗaya.

Vlasta ta dogara sanda, ta cika ƙirji da iska kamar yadda ta saba kowace Lahadi, ta ƙwala: "Lida! Me kika kawo min?"

"Yaya, ga ni a gabanki. Ihun me kike yi?"

Vlasta ta tsaya da baki buɗe. Ta dubi rafin, ta dubi ƙanwarta, ta miƙa hannu ta kama mata hannun riga ta riƙe. Idonta ya cika. Sannan ta ce a hankali, da muryar da Lida ta manta tana da ita, "To me kika kawo min?"

Lida ta waiwaya. Olda na can kan tsaninsa, ya karkato kunne yana yi kamar ma'auni yake dubawa. Ta matso, ta kai bakinta daidai kunnen yayarta, ta raɗa mata yadda ko agwagwa ba za ta ji ba.

"Man shanu."